Da gaske ne ba a noman gyaɗar Barazil, sai dai a tsinto ta a kurmi?

Tambaya: Na karanta cewa gyaɗar Barazil ba noma ta ake yi ba, wai daga kurmin Amazon ake tsinto ta a ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Wace irin bishiya ce wannan, wane irin wuri take so, kuma me zai hana mutum ya shuka wadda ya saya a leda ya samu tasa?

Amsa: Malam, abin da ka karanta gaskiya ne, amma da saura. Kusan duk wadda ake ci a duniya daga bishiyoyin daji take fitowa. Sai dai bishiyar tana dasuwa, kuma idan ta samu rana tana girma da sauri. Wajen 'ya'ya ne gizo ke saƙa, domin ita kaɗai ba ta iya yin su, ba ta kuma iya watsa irinta da kanta.

Sunan ma yana rikita mutum. Ba gyaɗa ba ce, ba ta haɗa komai da gyaɗa ba, kuma Bolibiya ta fi Barazil fitar da ita zuwa kasuwar duniya. Masana tsirrai suna kiran ta Bertholletia excelsa, daga dangin Lecythidaceae, ita kaɗai ce kuma a jinsinta. Masanan Turai Humboldt da Bonpland, waɗanda suka zagaya nahiyar Amurka tsakanin 1799 da 1804, su suka raɗa mata sunan don girmama masanin sinadarai ɗan Faransa Claude Louis Berthollet. A Barazil ana ce wa 'ya'yan castanha-do-pará, a Bolibiya da Peru castaña.

Tana cikin bishiyoyin da ke keta rumfar kurmi su fito sama da kowa. Tsawonta kan kai mita 50, kaurin gindinta daga gefe zuwa gefe mita 1 zuwa 2, wasu tsofaffin ma sun wuce haka. Gangar jikinta miƙaƙƙiya ce sambal, ba reshe ko ɗaya har sai an wuce rabin tsawonta, sannan ta buɗe kai kamar lema. Ba ta da fuka-fukin gindin nan da ake gani jikin manyan bishiyoyin kurmi da yawa, wannan kuwa alama ce mai sauƙi ta gane ta daga ƙasa. Ɓawonta ruwan toka ne mai tsage-tsage a tsaye. Ganyenta dogo ne, santimita 20 zuwa 35, faɗinsa 10 zuwa 15, yana fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikin reshe, kuma takan zubar da shi idan rani ya shiga. Tana rayuwa shekara 500 ko fiye.

Asalinta ƙasashen Barazil, Bolibiya, Peru, Kolombiya, Benezuwela da yankin Guyana ne. Amma ba ko'ina a Amazon ba. Tudu take so, inda ambaliyar kogi ba ta kaiwa, wato abin da mutanen can ke kira terra firme. Ƙasa mai zurfi, mai laka-laka, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Rashin taki bai dame ta ba, domin ƙasar Amazon yawancinta mai tsami ce marar ƙarfi, amma kwanciyar ruwa a saiwa kashe ta yake yi. Inda take da yawa, ruwan sama kan kama daga milimita 1,400 zuwa 2,800 a shekara, matsakaicin zafi kuma digiri 24 zuwa 27. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tana bukatar 'yan watanni na ɗaukewar ruwa. Ranin nan shi ke sa ta sauya ganye ta yi fure. A arewa maso yammacin Amazon, inda ruwa ba ya tsayawa duk shekara, ƙaranci take yi ko a rasa ta gaba ɗaya. Saboda haka wuri mai ruwa kullum bai dace da ita ba, haka ma wurin da rani ke daɗewa har iska ta bushe ƙayau.

Ba a warwatse take daidai-wa-daida cikin kurmi ba. Gungu-gungu take zama, bishiya 50 ko 100 a wuri guda, sai a yi tafiya mai nisa ba a ga ko ɗaya ba. Irin wannan gungu shi ne castanhal. Zan dawo kan dalilinsa.

To, ga furen, wanda shi ne tushen matsalar. Ƙarami ne, kimanin santimita 3, fari mai ɗan rawaya, da kunnuwa shida. Yana fitowa a zangarniya a ƙarshen rassa can ƙololuwa. Abin da ya bambanta shi da sauran furanni shi ne wani murfi mai nama da ya taso daga gefe guda, ya lanƙwaso ya kife kan tsakiyar furen. Ruwan zaƙin yana can cikin lanƙwasar murfin. Garin namiji (ƙurar furen da ake barbara da ita) da bakin mace duka suna ƙarƙashinsa. Murfin a danne yake, kunnuwan furen kuma sun riƙe shi. Duk ƙwaron da zai sha zaƙin sai ya sauka a kan murfin, ya cusa kai ta ƙarƙashi, ya ɗaga shi da ƙarfin tsiya, ya zura dogon harshe. Yana cikin wannan kokawar ne bayansa ke gogar garin furen, in ya je wani furen kuma ya goga shi a bakin macen. Ƙudan zuman da ake kiwo a amya ba shi da ƙarfin ɗaga murfin. Sai manyan ƙudajen zuma na daji, masu jiki kamar babban yatsa, irin su Eulaema, Xylocopa, Bombus, Centris da Epicharis. Wanda ya jera amya a gonar wannan bishiya don barbara ya yi aikin banza.

Lokacin ma ƙanƙane ne. Furen kan buɗe da asuba, kafin yamma kunnuwansa sun zubo ƙasa. Kwana ɗaya ke nan, kuma aikin barbarar duk da safe ake yin sa. Ga wani sharaɗin kuma: galibi bishiyar ba ta karɓar garin kanta. Dole ƙwaron ya zo da gari daga wata bishiyar dabam, ya kuma kawo isasshe, domin furen da 'yan ƙwayoyi kaɗan ne suka samu barbara a cikinsa yakan kaɗe. Ko a cikin lafiyayyen kurmi, ƙasa da fure ɗaya cikin ɗari ne ke zama ɗa.

Akwai labarin da ya yaɗu cewa bishiyar ta dogara ne kan wani fure guda na okid (orchid, wani dangin furanni), wai in babu shi babu ƙwaron, in babu ƙwaron babu 'ya'ya. An ƙara masa gishiri. Gaskiya ne mazan Eulaema suna tattara ƙamshi daga furannin okid da wasu abubuwa don jan hankalin mata, amma ba su ne kaɗai masu barbarar ba. A gonar Aruanã da ke kusa da garin Itacoatiara a jihar Amazonas ta Barazil, ɗaya daga cikin manyan gonakin wannan bishiya, bincike ya nuna Xylocopa frontalis, mai huda busasshen itace ya yi gida, yana sahun gaba tare da Eulaema mocsaryi. Abin da ya tabbata ya fi labarin okid faɗi. Bishiyar 'yan watanni take fure, a gabashin Amazon wajen Oktoba zuwa Disamba, ƙwarin kuwa sai sun ci abinci wata goma sha biyu, sai sun samu ruɓaɓɓen kututture ko ƙasar da ba a kafta ba su yi gida. Kurmi ne ke ba su wannan.

Idan barbara ta kama, ɗan yakan ɗauki wata 14 zuwa 15 kafin ya nuna. Ka ga ke nan bishiya za ta iya ɗaukar sabon fure alhali 'ya'yan bara suna rataye a kanta. Wannan jinkirin yana da tasiri a kasuwa: farin da El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik mai sauya yanayi, ya jawo a 2015 da 2016 sai a kakar 2017 ya bayyana sosai, amfanin ya faɗi warwas, farashi ya tashi a duniya.

A fahimci ɗan da kyau, don hawa uku ne. Na waje ƙoƙo ne na katako, zagayayye kamar kwakwa, faɗinsa santimita 10 zuwa 15, nauyinsa har kilo 2, kaurin bangonsa milimita 8 zuwa 12. A cikinsa akwai ƙwallaye 8 zuwa 24, a jere kamar ɓarin lemo, kowanne mai kusurwa uku da ɓawo mai tauri, tsawonsa santimita 4 zuwa 5. A cikin ƙwallon ne farar ƙwayar da ake ci take. 'Yan uwanta a dangin Lecythidaceae suna da ƙoƙo mai faffaɗan murfi wanda ke faɗuwa iri ya zube. Ita kuwa ƙofar ƙoƙonta 'yar mitsitsiya ce, ɗan murfin ma ciki yake faɗawa, ƙwallo ba ya iya fitowa ta nan. Ƙoƙon yakan faɗo a rufe da damina, daga Disamba zuwa Maris ko Afrilu, kuma ba ya fashewa. Yi lissafi: abin da ya faɗo daga mita 40 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa uku, da gudun da ya doshi kilomita 100 a awa in an ajiye tirjiyar iska gefe. Yakan nutse cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma yana kashe mutum. Wannan kaɗai ya isa hana dasa ta kusa da gida, makaranta ko hanya.

To wa ke buɗe shi? Wata dabba ce dangin ɓera mai suna aguti, Dasyprocta a wajen masana, girman zomo, mai dogayen ƙafafu da haƙora kamar kurfi. Yakan zauna ya yi ta gwaguyar ƙoƙon ta wajen 'yar ƙofar har ya faɗaɗa ta, ya zaro ƙwallayen. Ya ci kaɗan, sauran ya ɗauke su ɗaya-ɗaya ya binne su a wurare dabam-dabam, zurfin 'yan santimita, ya danne da ƙafa, ajiyar ranar yunwa. Wasu zai dawo ya tono, wasu wani agutin zai sace ya sake binnewa gaba, wasu kuwa mai ajiyar zai mutu a bakin damisar daji ko maharbi ya bar su. Waɗannan na ƙarshe su ne bishiyoyin gobe. Ƙoƙon da aguti bai taɓa ba yawanci ruɓewa yake yi da irinsa a ciki. Birai ma sukan fasa tsohon ƙoƙo, manyan aku kuma sukan ɓarnata ɗanye tun yana sama, amma mai shuka dai aguti ne. Tunda ba ya kai ajiyarsa nesa sosai, ka ga ɗaya daga dalilan zaman bishiyar gungu-gungu. Ko fankon ƙoƙon bai tashi a banza ba: ruwan sama yakan taru a ciki, wani ɗan kwaɗo mai dafi, Adelphobates castaneoticus, ya zuba 'ya'yansa su girma a nan.

Ƙwallon da aka binne kan yi wata 12 zuwa 18 kafin ya tsiro, saboda taurin ɓawo da kuma yanayin ƙwayar kanta. Idan ka tsaga ta ba za ka ga ɓari biyu kamar na wake ba. Dunƙule guda ce, saiwa ta fito ta wannan ƙarshen, tsiro ta wancan. Dashen da ya fito a duhun kurmi yakan rayu a kan abincin ƙwayar, sannan ya tsaya cak, bai mutu ba bai girma ba, yana jiran wata babbar bishiya ta faɗi rana ta shigo. Ƙiyasin da aka yi a dazuzzukan arewacin Bolibiya ya nuna bishiyar daji kan haura shekara 100 kafin ta kai girman haihuwa. Wadda aka dasa a fili kuwa tana iya fara 'ya'ya cikin shekara goma ko 'yan kai. Bambancin duk rana ce.

Saboda wannan son rana ne ake yawan samun matasanta a saurar gonaki, inda aka yi noma aka tashi, fiye da cikin tsohon kurmi. Masana da dama suna ganin mutanen Amazon na dā suna da hannu wajen yaɗuwarta, domin ana samun gungunta kusa da tsoffin matsugunai masu baƙar ƙasar nan da ake kira terra preta. A ganina wannan hujja tana da ƙarfi, kuma tana gyara maganar da ake yawan yi cewa bishiyar ba ta son hannun mutum. Ɗan buɗe kurmi yana taimakonta. Sharewa gaba ɗaya ce ke kashe ta.

An ga misalin haka ƙarara a kudu maso gabashin jihar Pará ta Barazil. Doka ta hana sare ta a Barazil, haka a Bolibiya da Peru, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kuma ta sa ta cikin nau'o'in da ke fuskantar barazana. Sai masu share daji don kiwon shanu suka riƙa kwashe komai suna barin ta tsaye ita kaɗai a tsakiyar makiyaya. Dokar an bi ta, amma bishiyoyin ba su tsira ba. Wutar da ake cinna wa ciyawa duk rani tana ƙona gindinsu, shanu suna taka ƙasa ta daskare, hayaƙi yana korar ƙwarin barbara daidai lokacin fure, aguti ba ya fitowa fili. Suka rage 'ya'ya, suka bushe a tsaye, har mutanen wajen garin Marabá suna kiran irin wuraren nan maƙabartar bishiyoyin castanha.

Game da ko yawan tsintar 'ya'yan yana hana sababbi tasowa, masana sun rabu. Binciken da Carlos Peres da abokansa suka buga a mujallar Science a 2003, kan wurare 23, ya nuna inda aka daɗe ana kwashewa sosai babu matasan bishiyoyi. Wasu binciken a Bolibiya da jihar Acre ta Barazil sun samu dashe yana tasowa duk da tsinta. Abin da ya fi kama hankali shi ne tsinta ba ita kaɗai ba ce: farautar aguti da rashin hasken rana suna cikin lissafin.

Yanzu ga tambayarka ta shuka. Wadda ka saya a leda ba za ta tsiro ba. A masana'anta ana busar da ita da zafi, ana kuma turara ta da tururi don ɓawon ya saki, ƙwayar ta riga ta mutu. Ko ba a turara ba, wannan iri ba ya jure bushewa. Sai sabon ƙwallo na kakar bana wanda bai taɓa bushewa ba, shigo da shi wata ƙasa kuma sai da takardar izinin hukumar kula da lafiyar tsirrai.

In an samu, hanyar da cibiyar binciken noma ta Barazil, Embrapa, ta yaɗa ita ce cire ɓawon. A fara da zaɓar manyan ƙwallaye masu nauyi, wanda ya yi sakayau a hannu a jefar. A ajiye su cikin yashi mai danshi a inuwa, kimanin wata biyar, ana yayyafa ruwa kada ya bushe kada kuma ya jiƙe sharkaf. Wannan ajiya tana sa ɓawon ya saki jikin ƙwayar, tana kuma ƙara yawan tsiro. Kafin ɓarewa a jiƙa su cikin ruwa kwana ɗaya zuwa uku, ana sauya ruwan kullum. Sannan a sa ƙwallon cikin abin matsi irin na kafinta, a matsa a hankali kan kusurwarsa har a ji ya yi ƙas, a tsaya nan. A ƙarasa ɓantare ɓawon da filaya. Nan ne aka fi yin asara: ƙarin juyi ɗaya a abin matsin ya isa ya tsaga ƙwayar, kuma rauni a ɗaya daga cikin ƙarshenta biyu yana nufin babu saiwa ko babu tsiro. Duk wadda ta ji ciwo a ware ta, don ita ce za ta jawo fumfuna ta shafi sauran. Masu lafiyar a tsoma su cikin maganin fumfuna bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin, a bar su su sha iska a inuwa kamar awa biyu.

Gadon shukar yashi ne wankakke, ko yashi haɗe da tsohon garin katako. Kada a sa taki ko ruɓaɓɓen ganye, domin ƙwaya ce tsirara mai mai da yawa, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta mai ne, abin da fumfuna da tururuwa ke nema. A tsayar da ita ƙarshenta mai kauri yana kallon ƙasa, nan saiwa ke fitowa, siririn ƙarshen kuma ya zauna kamar santimita 1 ƙarƙashin yashi. Wadda ba a gane kanta da gindinta ba a kwantar da ita. A ɗaga gadon daga ƙasa, a rufe shi da ragar waya ta kowane gefe, har da sama, saboda ɓeraye. Ana fara ganin tsiro bayan kwana 20 zuwa 30, amma ba tare suke fitowa ba, wasu sai bayan watanni, don haka kada a yi saurin zubar da gadon. Wani lokaci saiwa kaɗai ke fitowa tsiro ya makara, wannan ba mutuwa ba ce. Da tsiro ya leƙo, kafin ganye ya buɗe, a mayar da shi leda mai zurfin santimita 25 zuwa 30, domin uwar saiwa ƙasa take nufa kai tsaye, in ta naɗe a gindin gajeriyar leda bishiyar ba za ta ƙara miƙewa daidai ba. A raine shi a rabin inuwa, a riƙa janye inuwar sannu a hankali. Idan ya kai santimita 25 zuwa 40 ya isa dashe.

A dasa da farkon damina, a rami mai santimita 40 ta kowace fuska, tazara aƙalla mita 10 tsakanin bishiya da bishiya, wato 100 a hekta. Ƙwayar tana nan maƙale a gindin dashen har bayan dasawa, kuma aguti da ɓeraye sukan tone shi don su ci ta, saboda haka a kewaye kowanne da raga har sai ta ƙare. Tururuwar nan mai yankan ganye tana iya tsiraita ƙaramin dashe cikin dare ɗaya, sai a nemi gidanta tun kafin a dasa. A share ciyawa a kewayen gindi, a tsare wuta. In ya kama, yakan ƙara mita ɗaya ko fiye a shekara. A shekarun farko ana iya noma wani abu a tsakanin layuka, muddin bai yi masa inuwa ba.

Mai son 'ya'ya da wuri sai ya yi wa bishiyar aure. Ana yin sa a gona, lokacin da dashen ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ta hanyar yanko ido tare da ɗan ɓawonsa daga bishiya mai yawan haihuwa a liƙa a jikin dashen. Bishiyar aure takan fara fure tun tana 'yar shekara huɗu zuwa shida, ba ta kuma yin tsawon ta daji, amma amfanin kirki sai ta haura goma. Tsiron aure yakan so kwanciya gefe kamar reshe, sai an ɗaure shi jikin sanda ya miƙe. Babban kuskure a nan shi ne ɗebo ido daga uwa ɗaya, komai kyanta. Gonar da aka aura daga uwa ɗaya bishiya ɗaya ce a wajen barbara, ko da ta kai dubu, za ta cika da fure ta tashi babu ɗa. A haɗa iyaye da dama waɗanda ke fure lokaci guda, a cuɗanya su cikin layuka. A bar zirin kurmi a gefen gonar da cikinta, a bar busassun kututture, a shuka abin da manyan ƙwarin ke ci a sauran watanni, kamar tsirrai masu fure irin su Passiflora da Bixa, kada kuma a fesa maganin ƙwari lokacin fure. An kai bishiyar lambunan tsirrai a Siri Lanka da Malesiya tun da daɗewa, ta girma har ta yi 'ya'ya, amma ba ta zama sana'a a can ba. Jiran shekara goma da ƙarancin amfani ba sa iya gasa da abin da kurmi ke zubarwa ba tare da an shuka ba.

A cikin kurmin ma bishiyoyin ba ɗaya suke ba. Wata ta ba da ɗaruruwan ƙoƙuna, ta kusa da ita ba ko ɗaya, kuma kusan rubu'in bishiyoyin ne ke ɗauke da mafi yawan amfanin gungu. Waɗanda kaurinsu ke tsakanin mita 1 da 1.5 su suka fi haihuwa. Abin da mai kula da daji zai iya yi da adda kawai shi ne yanke igiyoyin kurmi masu yaɗo da ke hawa su lulluɓe kan bishiyar. A yanke kowace igiya wuri biyu, kusa da ƙasa da kuma daidai tsawon mutum, a bar na saman ya bushe ya zubo da kansa, kada a ja shi don rassa na iya biyowa. Gwajin da aka yi a Acre ya nuna bambancin yana fara bayyana bayan shekara uku zuwa huɗu, yana kuma ƙaruwa bayan nan.

Masu tsinta, a Pando da Beni na Bolibiya, Madre de Dios na Peru, da Acre, Amazonas da Pará, ba sa shiga ƙarƙashin bishiya in ana iska ko ruwa. Da sanda mai baki a tsage suke ɗaukar ƙoƙon su jefa kwandon baya, saboda macizai da kunamu da ke cikin ganye, su tara shi nesa da inuwar bishiyar kafin su fasa da adda. Abokin gabarsu shi ne fumfunar Aspergillus mai haifar da gubar afalatoksin, wadda ta sa Tarayyar Turai ta ƙaƙaba tsauraran sharuɗɗa kan mai ɓawo daga Barazil a 2003. Tana kamawa ne idan ƙoƙo ya daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruwa ya shiga ta 'yar ƙofar nan, ko aka tara jiƙaƙƙun ƙwallaye a buhu. Maganinta a riƙa zagayawa akai-akai, kada a haɗa na bara da na bana, a fitar da wanda adda ta sara da wanda ya ruɓe, a shanya a kan gado mai rufi inda iska ke ratsawa, a ajiye buhu a kan katako nesa da ƙasa. Garin Riberalta shi ne cibiyar ɓarewa da sarrafawa a Bolibiya.

Idan wani ya riga ya dasa kuma abin bai yi ba, alamar da ya gani ita za ta nuna inda matsalar take. Bishiya ta girma lafiya amma ba ta taɓa fure ba: ko shekarunta ba su kai ba, ko kanta yana cikin inuwa, ko wurin ba shi da ranin da zai tayar da ita. Tana fure ƙasa ta yi fari da kunnuwa amma babu ƙoƙo: a tsaya ƙarƙashinta da sassafe a saurara, in ba a ji gunjin manyan ƙwari a sama ba to babu mai barbara, in kuwa ana ji to garin ne bai dace ba, wato ita kaɗai ce a wurin ko duk 'yan uwa ɗaya ne. Ƙananan ƙoƙuna suna kamawa suna zubowa: barbara ba ta isa ba, ko fari ya same ta a watannin farko. Ganye yana rawaya dashen ya ƙi gaba da damina: a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a gefensa bayan an yi ruwa, in washegari an tarar da ruwa kwance a ciki, wurin ne bai dace ba, sai a nemi tudu a sake dasawa.